Zanen dutsen Azbin da ambaliyar Gulbin Maraɗi: tambayoyi da amsoshi

Akwai magana biyu da mutanen Maraɗi suka saba ji. Ta farko, cewa hamadar da ke arewa da mu ta taɓa zama daji mai tabkuna, kuma shaidar tana nan a jikin duwatsun Azbin. Ta biyu, cewa dashen itace yana rage ambaliya. Duka biyun gaskiya ne, sai dai kowace tana da iyakarta, kuma a bakin iyakar nan ne ake yawan ƙara gishiri. Ga tambayoyin da ɗalibai da manoma da masu unguwanni suka fi yi a kai.

Wane zane ake nufi? Akwai irinsa a Nijar?

Akwai, kuma na Nijar yana cikin waɗanda suka fi shahara a duniya. A Dabus, arewa da Agadas ta wajen hanyar Arlit, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a kan dutse. Babbar ta kai mita 5.4, wato kusan tsawon dabbar a raye. An fitar da zanen fatarta ɗaya bayan ɗaya, an goge layukan har suka yi santsi, kuma daga bakinta wani layi ya sauko zuwa ga wani ɗan ƙaramin hoton mutum. Wani Bafaranshe mai bincike, Christian Dupuy, shi ya rubuta labarin wurin a 1987, kuma an ƙirga zane fiye da 800 a duwatsun da ke kewaye. An yi kwafinta da alminiyam, an ajiye a filin jirgin saman Agadas.

A Tasili ta ƙasar Aljeriya akwai zane wajen 15,000. A ƙasar Hausa ma, a Birnin Kudu ta jihar Jigawa, akwai hotunan shanu da aka yi da jan fenti a ƙarƙashin duwatsu.

Tunda babu wanda ya rubuta shekara a jiki, ta yaya ake sanin tsufan zane?

Hanyar da ta fi suna ita ce awon kabon-14. Duk abu mai rai, itace ne ko dabba ko mutum, yana ɗaukar wani nau'in kabon daga iska ko daga abinci muddin yana raye. Ranar da ya mutu ɗaukar ta tsaya, wanda ke jikinsa kuma ya shiga raguwa a kan ƙa'idar da ba ta sauyawa: duk shekara 5,730 rabinsa ke tafiya. In an fara da kashi 100, bayan shekara 5,730 saura 50, bayan wata 5,730 ɗin saura 25. Wanda ya auna abin da ya rage, ya san lokacin da abin ya mutu. Ba'amurke Willard Libby ne ya fito da dabarar a ƙarshen shekarun 1940, ta kuma jawo masa kyautar Nobel a 1960. Bayan shekara 50,000 abin da ya rage yakan yi ƙanƙanta ƙwarai, awon ba ya aiki.

To in mai zanen da gawayi ya yi aikinsa, an samu abin awo, domin gawayi itace ne da ya mutu. Haka aka yi a kogon Chauvet na Faransa, wanda aka gano a 1994. An kankare ɗan ƙurar gawayi daga jikin hotunan dawakai da karkanda, aka samu shekara wajen 36,000. Injinan yau ba su buƙatar fiye da abin da bai kai ƙwayar gero ba.

Ku lura da abu guda. Awon yana faɗin ranar da itacen ya mutu ne, ba ya faɗin ranar da hannun mutum ya yi zanen. In mai zanen ya tsinci tsohon gawayi a ƙasan kogo, lissafi ya gurɓace. Shi ya sa masu bincike na ƙwarai ba su tsayawa kan awo ɗaya. Sai sun gwada gawayin zanen, da na murhun da ke ƙasa, da baƙin hayaƙin da jiniyar haske ta bari a bango, su ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

In fentin jar ƙasa ne fa, ba gawayi ba?

Nan kabon-14 ba shi da ta cewa, don jar ƙasa ba ta taɓa rai ba. Sai a duba abin da ya hau kan zanen daga baya. A cikin kogon farar ƙasa, ruwan da ke tsattsafowa a bango yakan bar wani siririn ɓawo mai ƙarfi. Cikin ɓawon akwai ɗan sinadarin yuraniyam, wanda ke rikiɗa a hankali ya koma toriyam. Gwargwadon yawan toriyam, gwargwadon tsufan ɓawon. Abin ya yi kama da rubutun da aka yi a bango kafin a yi yaɓe: duk shekarun yaɓen, rubutun da ke ƙarƙashinsa ya girme shi. Don haka abin da wannan awo ke cewa shi ne "aƙalla shekara kaza". Da shi aka gano cewa hoton wani aladen daji a tsibirin Sulawesi na Indunisiya ya kai aƙalla shekara 45,500, aka sanar a 2021, sannan a 2024 aka bayyana wani a tsibirin da ya kai aƙalla 51,200.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta gidan zanzaro. Kowa ya san yadda zanzaro ke ɗauko laka ya gina ɗan ɗakinsa a jikin bango ko dutse. Cikin lakar da yake kwasowa akan samu ƙurar gawayin gobarar daji. A yankin Kimbali na Ostireliya, masu bincike sun auna tsofaffin gidajen zanzaron da ke ƙarƙashin fenti da waɗanda aka gina a kansa. Na ƙasa ya girmi zanen, na sama ya zo bayansa, ke nan an sa zanen a tsakiya. Ta haka suka ba hoton wata dabbar kangaru shekara wajen 17,300.

To raƙuman dawan Dabus shekarunsu nawa?

Ana ƙiyasta musu tsakanin shekara 6,000 zuwa 8,000, kuma kalmar ƙiyasi a nan tana da nauyi. Sassaƙa ce, ba fenti. An cire dutse ne, ba a ɗora komai ba, don haka babu abin da za a kankare a kai ɗakin awo. Sai a bi ta gefe.

Ana duba launin cikin layin. Duwatsun hamada suna yin wani baƙin ɓawo mai sheƙi cikin dubban shekaru. Sassaƙar da cikinta ya koma baƙi kamar sauran dutsen ta girmi wadda cikinta ke da haske. Ana duba wane zane ya hau kan wane. Ana kuma duba dabbobin da kansu: doki bai shigo Sahara ba sai wajen shekara 3,000 da suka wuce, raƙumi kuma wajen 2,000. Duk inda aka ga raƙumi da haruffan Tifinag na Abzinawa, an san zanen na baya-baya ne. Inda aka ga giwa da karkanda da dorina da layi mai zurfi baƙi ƙirin, an koma zamanin da ƙasar ke da ruwan da zai riƙe su. Wannan duka yana ba da jerin wane ya riga wane, ba ya ba da shekara takamaimai. Duk wanda ya ce muku ya san shekarar da aka sassaƙa su daidai, ya faɗi abin da dutsen bai faɗa ba.

Me ya sa masu binciken ke saɓa wa juna?

Saboda kowace hanya tana da inda take zamewa. A 2018 aka buga sakamakon awon zanen kogo uku a Sifen, aka ce fentinsu ya haura shekara 64,000. In haka ne, an yi shi kafin irin mutanenmu su isa Turai. Wasu masana suka ƙi yarda, suka ce ruwa na iya wanke yuraniyam daga ɓawon, abin da zai sa ya nuna tsufan da bai kai ba. Har yau ana muhawarar. Ni a ganina wannan ba abin rage wa ilmin daraja ba ne, domin musun nan shi ke sa a koma a sake awo.

Malam, in mutum ya ci karo da irin wannan zane, me ya kamata ya yi?

Ya ɗauki hoto, ya riƙe wurin a ransa, ya sanar da hukuma ko cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Yamai. Kada ya zuba ruwa don hoton ya fito, kada ya bi layin da alli, kada ya rubuta sunansa a gefe. Alli da man hannu suna ɓata awon da za a yi nan gaba. Kogon Lascaux na Faransa, wanda wasu samari huɗu suka gano a 1940, sai da aka rufe shi a 1963 saboda numfashin maziyarta kaɗai ya fara cin fentin.

Ban da zane, akwai wata shaidar cewa Sahara ta taɓa yin kore?

Akwai, kuma ta fi zanen sauƙin awo. A shekara ta 2000 tawagar wani Ba'amurke mai bincike, Paul Sereno, da ta fita neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare, ta tarar da makabartar Gobero a cikin hamadar Tenere. Kaburbura wajen 200 ne a bakin wani tsohon tabki, tare da ƙasusuwan kada da dorina da giwan ruwa, da māsun kamun kifi na ƙashi. Mutanen farko sun zauna a wurin tun wajen shekara 9,700 da suka wuce. A Dufuna ta jihar Yobe kuma, wani Bafulatani makiyayi yana haƙar rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8.4, wanda awon kabon-14 a ɗakunan bincike biyu a Jamus ya ba shi shekara wajen 8,000. A wancan zamanin faɗin tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita wajen 350,000, fiye da jihar Maraɗi sau takwas.

Abin da ya kawo wannan ni'ima, kuma ya tafi da ita wajen shekara 5,000 da suka wuce, sauyi ne a yadda duniya ke karkata tana kewaya rana, wanda ke juyowa duk bayan shekara 20,000 da 'yan kai. Shi ya ƙarfafa iskar damina ta kai ruwa can arewa, sannan ta ja baya. Ba gatarin mutane ne ya haifi Sahara ba, kuma dashe ba zai mayar da Tenere tabki ba. Gara a faɗi wannan a fili.

Raƙuman dawan dai ba su ƙare ba. Na yankin Kure kusa da Yamai sun ragu zuwa 49 a 1996, suka farfaɗo suka haura 600, kuma a 2018 aka ɗauko takwas aka kawo gandun dajin Gadabeji, a nan jiharmu.

Ina haɗin wannan da ambaliyar Maraɗi?

Haɗin shi ne ruwan sama da abin da ya tarar a ƙasa in ya sauko. Tsohon garin Maraɗi a cikin fadamar gulbi yake. Ambaliyar 1945 ce ta cinye shi, aka hauro da gari kan tudu. A daminar 2024, alkaluman gwamnati sun nuna kusan mutum 400 sun rasu a faɗin Nijar, fiye da miliyan 1.5 abin ya shafa, kuma jihar Maraɗi ce ta fi rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu. A ƙarshen watan Agustan shekarar, ruwan da ya kai milimita 150 ya sauka a birnin cikin ƙasa da awa biyu, a garin da ruwan shekararsa duka ke kewayen milimita 500.

Abu biyu ne suka haɗu. Wani bincike da aka buga a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa da ƙarfi sun ninka sau uku a Sahel. Sannan tun bayan farin shekarun 1970 da 1980 masana ruwa suka lura da wani abin mamaki: ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke kwarara a ƙoramu ya ƙaru. Dalili shi ne daji ya tafi, ƙasa ta tsiraita ta yi ɓawo, ta daina sha. Na farkon ya fi ƙarfin manomi guda. Na biyun yana hannunsa.

Ta yaya itace ke rage ruwan da ke gangarowa?

Ku je gona washegarin ruwa mai ƙarfi, ku tsaya a kan fako. Saman ƙasar ya daskare ya yi santsi, in ka danna yatsa ba ya shiga, in ka fasa ɓawon da hauya za ka iske ƙasan a bushe ko da ɗan danshi kaɗan. Ɗigon ruwan ne da kansa ya yi wannan: yana faɗowa da ƙarfi ya farfasa ƙasa, ƙurar ta toshe ƙofofinta. Yanzu ku matsa gindin kalgo ko sabara. Akwai tudun rairayin da iska ta tara, akwai ruɓaɓɓen ganye, akwai kashin awakin da suka sha inuwa da rani. Ku ɗaga ganyen, za ku ga 'yan ramukan gara. Ta nan ruwa ke bi ya nutse, haka ma ta hanyar tsofaffin saiwoyin da suka ruɓe. Garar da muke ƙi a rumbu, a fako ma'aikaciya ce, shi ya sa manoman da suka sani ke shimfiɗa karan gero da rassa a kan fako don su kira ta.

An auna wannan a wurare da dama. A Pontbren ta yankin Wales a Birtaniya, manoma makiyayan tumaki sun dasa layukan itatuwa, aka tarar ƙasar da ke ƙarƙashinsu tana shan ruwa har ninki 60 na makiyayar da kofato ya daddaɓe. Ƙasarsu ba irin tamu ba ce, kada a ɗauki adadin a ɗora a kan Maraɗi. Wanda ya fi kusa da mu shi ne binciken Sapone a Burkina Faso, a gonakin kaɗanya, da aka buga a 2016. Ya nuna ruwa ya fi kaiwa ƙarƙashin ƙasa inda itatuwa ke warwatse da matsakaicin yawa. In babu su ruwa ya gudu, in sun yi cunkoso su shanye shi. Tsarin gonar Bahaushe ke nan, gero a ƙasa, itace nan da can.

Ke nan da an yi dashe da yawa, da ambaliyar 2024 ba ta auku ba?

Da ta auku. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Milimita 150 ke nan lita miliyan ɗaya da rabi a kan kowace hekta, cikin awa biyu, a kan ƙasar da ruwan Agusta ya riga ya ƙosar. Babu dajin da zai shanye wannan. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta faɗi haka a wani rahoto a 2005: daji yana rage ambaliyar ƙananan ƙoramu da ta matsakaicin ruwa, amma ƙarfinsa kaɗan ne a kan babbar ambaliya a babban kogi.

Abin da itace ke yi shi ne ya rage kaifin ruwan, ya jinkirta shi, ya riƙe rairayin da zai cike gulbi da magudanai. A cikin birni kuwa, ruwan da ya rusa gidajen ƙasa mafi yawansa daga rufin kwano da kwalta da titunan da suka daddaɓe ya taru. Wannan sai magudanar ruwa da ba a cika da leda ba, da hana raba filaye a kan hanyar ruwa. Duk jami'in da ya nuna muku dashe a madadin waɗannan, ku tambaye shi magudanar.

Dashe ya fi, ko sassaben zamani?

A ƙasarmu, sassaben zamani, wato rainon tohon kututturen da ke gona maimakon sare shi, kuma Maraɗi ce ta koya wa duniya wannan. Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya da ke aikin gona da ƙungiyar mishan ta SIM, ya yi shekaru yana raba dashe, mafi yawansu suna mutuwa saboda rana da iska da awaki. A 1983 ya tsaya a hanya don rage iskar tayar motarsa, ya kalli wani ɗan kurmi da kyau, ya gane toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa na nan da rai. Irin waɗannan kututtura suna cike da gonaki, kowace bazara ana sare tohonsu a ƙone. A yunwar 1984 aka haɗa barin su da rabon abinci. Da rabon ya ƙare manoma da yawa suka sare nasu, waɗanda suka bari kuma suka ga itacen girki da abincin dabbobi da geron da iska ba ta binne ba, sai maƙwabta suka kwaikwaya. Hotunan sama da masu bincike Chris Reij da Gray Tappan suka nazarta sun nuna hekta wajen miliyan 5 sun farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram, itace wajen miliyan 200. Ba Rinaudo kaɗai ke da yabon ba. A wajen Matamaye da Magarya barin gawo a gona tsohuwar al'ada ce.

Yin sa ba wuya. Ka zaɓi toho mafi ƙarfi a kan kututture, daga ɗaya zuwa biyar, ka cire sauran. Ka datse ƙananan rassa har rabin tsawon sandar, da wuƙa mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ka ɗaura ƙyalle don mai neman itace ya san da mai shi. Bayan 'yan watanni ka dawo ka sake gyarawa. Saiwar da ta shekara talatin a ƙasa ba ta neman ban ruwa.

Tun 1975 muke dashe duk ranar 3 ga Agusta, kuma abu ne mai kyau. Abin da ke damuna shi ne ana ƙirga abin da aka dasa, ba a dawowa a watan Afrilu a ƙirga abin da ya rayu.

A ina itacen ya fi amfani in ana maganar ambaliya?

A sama, inda ruwan ke farawa, kafin ya taru ya yi ƙarfi. A kan fakon da babu kututture mai rai, sai an haƙa ramukan tare ruwa, rabin wata ko tassa, a zuba taki, sannan a dasa dakwara ko bagaruwa a ciki, a jera duwatsu a gicciye da gangara. A bakin kwazazzabo gamba ta riga itace aiki, don saiwarta ke ɗinke gaɓa. Gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare ɗigon ruwa sosai, amfaninsa yana cikin ƙasar da ya gyara. Itacen turare kuwa mashayin ruwa ne, kada a kai shi kusa da rijiya ko lambu.

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta madatsar Jibiya, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi da Tibiri, ya sake komawa Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Abin da aka yi wa daji a can, da dajin Baban Rafi a nan, yana iso mana a cikin ruwan.

Baba yana cewa in ya bar itace a gona, na 'yan gandun daji ne. Haka ne?

Tsoron Baba yana da tushe. Shekaru da yawa doka ta ɗauki itace a matsayin na gwamnati, ana cin manomi tara a kan abin da ya tsiro a gonarsa, don haka mutane suka gwammace su kashe toho tun yana ƙarami. Dokar daji ta 2004 ta fara sassauta wannan, sannan a 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya amince cewa manomin da ya raini itace ta hanyar sassabe yana da haƙƙin amfana da shi. Ku raka shi ofishin muhalli na ƙaramar hukumarku ya ji sharuɗɗan sara da datsa daga bakinsu.

Sauran matsalar ta cikin gari ce: ɓarayin itace da dare, da barandamin da ke sauke rassa don dabbobi da rani. A Ɗan Saga ta gundumar Agye, mutane sun kafa kwamitin tsaro da ya haɗa manoma da mata da Fulani makiyaya, suka yarda kan abin da za a datsa, da lokacin, da tarar wanda ya saɓa. Garin da zai fara sassabe bana, ya fara zama da mai gari da ardo kafin a fita gona.